Ranar da Na Zana Makwancin Shanun Sambo

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, akwai wata magana da kuka tashi kuna ji a Tsamaye, wai Baffanku Sambo yana da hannu da mutanen daji, shi ya sa ya kwashe shanunsa ya tsallaka Nijar 'yan kwanaki kafin su zo. Wasunku a bakin rijiya suka ji ta, wasu a makaranta, kuma babu ɗayanku da ya taɓa jin na ƙaryata ta a lokacin da ƙaryatawar take da amfani. To ƙarya ce. Ni na kori Sambo daga ƙasar nan, da guntun alli, da rana tsaka, a gaban jama'a. Yanzu da idona ya fara ƙin karatu hannuna kuma yana rawa, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iyawa.

Kun san ni da surutu, ba sai na ɓoye ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina malamin gona, daga Sabon Birni zuwa Isa, har Tozai ba ƙauyen da ban tsaya na yi wa manoma bayanin taki da iri ba. Innarku, Allah ya jiƙanta, takan ce in aka ba ni alli da bango, ko gobara ta tashi sai na kai ƙarshen bayanina kafin in gudu. Tana da gaskiya. Ban iya ganin tambaya a yashe ba tare da na tsince ta ba, ko ba ni aka yi wa ba. Sambo kuwa sai ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba. Tun muna yara mahaifinsa yake sauka a gonar mahaifina bayan an kwashe amfani, shanu su ci kara da harawa su bar mana taki, mu kuma mu ba su wuri da ruwan rijiya. Da muka girma sai ya kafa bukkokinsa a gefen gonarmu yana ɗan nomansa. Shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Balki na sayi wata jar karsana na ba shi kiwo, da nononta aka yaye ta, shi ya sa duk abin da ya fito daga tsatson wannan karsana ake kiransa saniyar Balki. Ni ina ce masa Bafillace mai cinye mini kara, shi yana ce mini Kaɗo mai baki kamar rediyo, haka muka yi shekara arba'in ba mu taɓa kai juna gaban mai gari ba.

Sai ga shekarun nan da kuka sani. Aka fara kore shanu da bindiga, garke bayan garke, har mutum ya koma tsoron a san yana da ko akuya. Sambo ya shiga tsaka mai wuya: mutanen daji suna neman dabbobinsa, 'yan sa-kai kuma duk Bafillacen da suka gani kallon ɓarawo suke yi masa. Ya daina zuwa kasuwa. Abin da ya rage masa na garken ubansa ya kai su wani kwari da sarƙaƙiya ta rufe, mai mashiga ɗaya tak ta cikin wata busasshiyar ƙorama, in kana kan hanya ba za ka taɓa zaton akwai wuri a nan ba. Ko yanzu ba za ni rubuta sunan wurin ba, duk da na san ɓoyewar ta makara. Da ma can makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, to a shekarun nan inda suke kwana ma ya zama abin da miji ba ya gaya wa matarsa. Ni ya kai ni ne don ciwo ya shiga cikinsu suna buƙatar allura. Da muka fito daga kwarin ya tsaya ya dube ni.

"Malam, idonka ya gani. Bakinka bai gani ba."

"Haba Sambo, ni yaro na?"

Ya ci gaba da tafiya.

A daminar da ta biyo baya ne Balki ta sami gurbi a wani gajeren karatu a ƙasar waje. Wata jami'a ce take tara ɗalibai daga ƙasashe daban-daban a lokacin dogon hutunsu, mako shida suna nazarin noma da kiwo a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Hutun nasu ya faɗo daidai lokacin da mu muke duƙe muna maimai, wato noma na biyu. Kowane mako sukan gayyato baƙo ya yi musu jawabi, su yi masa tambayoyi, wani ya zo da ƙafarsa, wani kuma daga nesa ta kwamfuta. Wata ranar Laraba ta bugo mini waya muryarta har rawa take don murna.

"Baba, dut baƙin da anka kawo muna, cikin littahi sunka ga saniya. Ni ko na ce ma Farfesa ina da mutum biyu, manomi da makiyayi, shekara arba'in gona guda ba su taɓa hwaɗa ba. Ta amince. Na ba da sunanka da na Baffa Sambo. Don Allah kar ku ba ni kunya."

Kaina ya yi girma har ya fi ƙarfin hulata. Innarku tana tankaɗe tana jinmu, ta bari sai da na ajiye wayar.

"Malam, kai dai ka tahi ka yi surutunka. Mi ya kai Sambo cikin wanga sha'ani? Mutumin da ko kasuwa ya bar zuwa."

"Ɗiyarki ta roƙa."

"Ɗiyata tana can inda ba a jin ƙarar babur a ruga ɗaki."

Na ce mata tsoro ya yi mata yawa. Washegari na iske Sambo a gonarsa na zayyana masa komai, na ƙara gishiri, na ce mutanen ma ba a nan suke ba, a cikin akwati za mu gan su. Ya jingina da hauyarsa yana kallon ƙasa. A haka ya ce in dai Balki ce ta ce, ai ba a cewa a'a. Ku ji wannan da kyau, don a nan laifina ya fara. Na san fulako. Na san Bafillace ba ya iya ƙin roƙon wanda yake jin nauyinsa, kuma na san in Sambo ya ce to yana kallon ƙasa, a'a yake nufi, yana jira ne in sauke masa kayan da kaina. Shekara arba'in ina gane wannan. Ranar sai na yi kamar ban gane ba, na ce masa ya sa babbar rigarsa.

A Sabon Birni aka shirya abin, a wani aji na makarantar da kawunku Nasiru yake koyarwa, don a nan sabis ya fi ƙarfi. Mutanen Tsamaye ba wanda ya biyo mu, kowa na fama da ciyawa, ga tsoron hanya. Amma ni tun daga tasha na fara shela. Na gaya wa direba, na gaya wa mai shayi, na gaya wa masu faci cewa yau Malam zai yi magana da Turawa. Kafin Nasiru ya gama haɗa wayoyinsa tagogin ajin nan huɗu sun cika da kawuna. Sambo ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka ce mutanen cikin akwati suke."

"Waɗanga 'yan kallo na. Shigo."

Ya shigo, ya zauna a bakin benci kamar wanda aka kawo asibiti. Aka kunna kwamfutar, sai ga fuskoki, farare da baƙaƙe, maza da mata, ga Balki a gefe da gyalenta, ita ce tafinta. Farfesar wata dattijuwa ce mai furfura da fara'a. Na yi nawa bayanin, na yi tsawo kamar yadda na saba. Da aka zo kan Sambo na ɗauka zai daskare, sai ya ba ni mamaki. Cikin 'yan kalmomi ya gaya musu yadda saniya take jin ƙanshin ruwa tun hadari bai haɗu ba, da yadda ake matsar da turke kowane kwana biyu don taki ya game gona, da dalilin da ya sa ba a sakin garke a kara sai mai gona ya ce an gama. Ɗaliban suna ta rubutu. Na saci kallon Balki na ga tana haɗiye murmushi, raina ya yi fari.

Daga nan wani ɗalibi mai tabarau ya ɗaga hannu. Ba shi da wata mugunta, yaron kirki ne da gani. Ya yi tambayarsa, na ga Balki ta ɗan yi jim kafin ta fassara, kuma da ta fassara muryarta ta yi ƙasa. Yana so ya sani, tun da damina ce ko'ina shuka, ga kuma ɓarayi, a ina shanun suke kwana?

"Suna kwana inda Allah ya kwantar da su," in ji Sambo.

Suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Farfesa ta sa baki cikin ladabi, ta ce abin da suke son fahimta shi ne yadda gonaki da burtali da wurin kiwo suke zaune da juna. Sambo ya sunkuyar da kai. Aka yi shiru. Ban san ko kun taɓa jin shirun kwamfuta ba, ya fi na ɗaki tsawo, fuskoki ashirin suna kallonka ba mai motsi. Na ga Balki ta duƙar da ido. Yanzu na san tsoro ne ya kama ta, amma a lokacin na ɗauka kunya ce, na ce a raina za su ce mutanen da ta kawo 'yan ƙauye ne da ba su iya amsa tambaya ba. Ga allo a bayana. Ga guntun alli a bakin tebur, daidai hannuna.

Ban yi shawara ba, hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Na zana hanyar mota, na zana gulbi, na zana gonaki da burtalin da ya ratsa su. Na ja layin ƙoramar tun daga bakin hanya har inda take shiga sarƙaƙiya. Na kewaye kwarin, na buga masa alama, na sake bugawa don na baya su gani sosai. Har na ƙara da cewa ruwa ba ya ƙafewa a wurin sai bazara ta yi nisa. Zane ne mai kyau, wallahi ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Ɗaliban suka yi tafi. Sai da na juyo ina kaɗe alli daga hannuna na lura hayaniyar tagogi ta ɗauke, kuma akwai wayoyi a ɗage, uku ko huɗu, suna fuskantar allon.

Sambo ya miƙe a hankali. Ya ɗauki butar da ke bakin ƙofa, ya jiƙa bakin rawaninsa, ya goge allon nan tun daga sama har ƙasa, har da lissafin yaran makaranta da ke can kusurwa. Ya koma ya zauna. Ya amsa sauran tambayoyi biyu da aka yi masa kamar ba abin da ya faru, da za a rufe kuma ya matso kusa da kwamfutar ya ce wa Balki Allah shi ba da sa'a, ɗiyata. 

A mota ya juya fuskarsa waje. Muna gab da sauka na kasa daurewa.

"'Yan Sabon Birni na dut, Sambo. Mutanenmu na."

"Ka san su dut?"

Ban san su duka ba. Na yi ta jera fuskokin a raina, taga bayan taga: mai faci, ɗan mai shayi, wasu 'yan acaɓa biyu, wani tela. Amma a taga ta ƙarshe akwai wani mai shuɗiyar hula da waya a hannu, na juya shi na juya shi ban gano ɗan gidan wa ne ba. Da na gaya wa Innarku, ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Har mashigar ka zana?"

"Har ita."

Ta nemi turmi ta zauna a kai.

Kwana biyu ban bar gida ba. Duk babur ɗin da ya ratso gari sai in leƙa ta katanga. Na yi niyyar komawa Sabon Birni in bincika mai shuɗiyar hula, sai na ga binciken ma shela ce ta biyu, duk wanda na tambaya zai so ya san dalili. Ana haka Balki ta bugo tana murna, ta ce ba a taɓa yin baƙi kamarmu ba, Farfesa ma ta ce ko za ni sake zana taswirar a takarda in aika, don an goge ta da wuri. Na ce mata sabis yana yankewa, na kashe wayar. Balki, in kina karanta wannan, yau kika fara jin sauran zancen. Ba laifinki ba ne, ke kin yi jim kafin ki fassara, ni ban yi jim ba.

Rana ta uku da hantsi Sambo ya yi sallama a ƙofar gida, da sandarsa a kafaɗa da goran ruwa a rataye. Ya ƙi shiga zaure.

"Za ni tsallakawa, Malam."

"Yanzu? Geronka ya yi ciki, wata guda ya rage."

"Gero baɗi sai in shuka wani. Waɗanga shanun na ubana na."

Abin da ya kamata in ce kalma uku ce, ka yafe mini. Suna bakina. Amma sai na kama gardama, kamar yadda na saba in an kama ni.

"Ƙila ba wanda ya kula da zanen nan."

"Ƙila," ya ce. "Saniyar Balki hwa? In bar ma ita, ko in tahi da ita?"

Na san in ta kwana a gidana ita za ta jawo mana baƙin da muke tsoro. Kuma ina so in ba shi wani abu, ko me ne ne, don in sami sauƙi a ƙirjina.

"Tahi da ita. Na bar ma."

"Ban ce ka ba ni ba. Kiwo na."

Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya leƙa ya yi wa Innarku ban kwana, ya juya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyarsa mutanen daji suka zo. Kai tsaye suka bi ƙoramar suka shiga kwarin, suka iske kashin shanu kawai. Da haushi suka biyo ta gonaki suka kore shanun noman mutane, suka harbi wani bawan Allah da ya ƙi sakin igiya, bai kai asibiti ba. Har yau ban sani ba ko zanena ne ya kawo su, ko da ma sun riga sun ji labari. Ba za ni taɓa sani ba. Amma mutanen gari tambaya ɗaya suka yi: ya aka yi Bafillace ya san ya tashi ana tsakiyar damina, ya bar gero da ciki? Kafin mako ya zagayo an ƙone bukkokinsa, geron kuma da ya nuna wasu suka yanke. Ko da akwai wanda labarin allon Sabon Birni ya iske, ya fi sauƙi a ɗora wa wanda ba ya nan. Wata la'asar a majalisa ƙanen mamacin ya dube ni a gaban kowa.

"Malam, kai ka san shi tun kuna yara. Mi ka gani?"

Ni da ban taɓa barin tambaya ta faɗi ƙasa ba, na dubi jajayen idanun mutumin nan, na tuna da ku kuna cikin gida, na ce Allah kaɗai ya san zuciya. Suka gyaɗa kai, sun ji abin da suke son ji. Da na shiga gida Innarku ta riga ta sami labari. Ta ajiye mini ruwa ba ta dube ni ba.

"Bakin da bai taɓa hutawa ba, yau ya samu wurin hutu."

Ba ta tona ni ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Gonarmu kuwa tun daga shekarar ba garken da ya ƙara sauka a cikinta, kun ga yadda ta koma rairayi.

Shekara shida ina ɗauke da wannan abu. Bara bayan kaka, ina zaune a majalisar nan dai, sai ga mai gari da kansa tafe, bayansa wani dogon mutum yana kore da jajayen shanu biyar. Hammadi ne, babban ɗan Sambo, har ya yi gemu. Ya biya ta gidan mai gari tukuna don kada a tare shi a hanya. Ya tsaya a gaban jama'a, ya gaishe ni da ladabi, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Baba ya rasu watan jiya. Ya ce kar a raba gado sai an maido ma Malam kiwonai. Tsohuwar ta mutu, ga ɗiyanta da jikokinta."

 Mutumin da suka kira ɓarawo ne ya aiko da amana daga wata ƙasa, bayan ni da bakina na ce na bar masa. Na tambayi Hammadi ko mahaifinsa ya bar mini wani saƙo. Ya ce a'a, shanun kawai. A nan na miƙe tsaye, na gaya musu komai, tun daga alli har zuwa amsar da na ba ƙanen mamacin, wanda yake zaune a wurin yana jina. Wasu suka yi salati, wasu suka tashi suka bar wurin, akwai kuma waɗanda har yau ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Kalma ukun nan ma na faɗe su ranar, amma ga ɗansa na faɗe su, shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Wannan shi ne gaskiyar tafiyar Baffanku. Duk wanda ya sake ce muku yana da hannu da mutanen daji, ku ce masa ubanku ne ya yi zane, kuma ku sa Sambo a addu'a kafin ku sa ni. Shanun nan biyar na Balki ne, suna nan lafiya, ɗaya ma ta haihu. Kada ku tambaye ni inda suke kwana.